Fiyar Da Na Bayar Da Bakina

Ko zan manta komai a duniyar nan, ba na manta ranar da aka ɗora itacen fiyata a bayan a-kori-kura ina tsaye ina washe haƙora kamar wawa.

Lokacin nan ne da kuɗin mai suka shigo, kowa ya haukace da siminti da kwano. Ni kuwa aikin lebura na yi a kudu, na dawo Mabai ba rediyo, ba keke, sai ƙwallon fiya guda a aljihu. A can na fara cin ta, wani tsoho mai lambu ya nuna mani yadda ake tayar da ita. Mutanen garinmu suka yi ta dariya, wai wasu sun dawo da babur, ni na dawo da dutse.

Maiɗakina ta ba ni tsohuwar randarta. Na huda gindin don ruwa ya riƙa zurarewa, na haɗa yashi da taki da baƙar ƙasar rafi, na binne ƙwallon, tsininsa yana kallon sama. Sai da ya yi kusan wata biyu kafin ya tsage ya fito da kai. Na aje shi a inuwar mangwaro saboda ranarmu tana ƙona ganyensa, na kewaye shi da ƙaya don awaki. Da rani, in rijiya ta ja baya, ruwan wankana nake ragewa in ba shi. Shekara uku haka, har ya kawo mani kafaɗa. Na riga na haƙa rami a fadamata, damina kawai nake jira in dasa, in ga bakin masu dariya.

Ana haka sai ga wani ɗan'uwan babana daga Faskari, ɗan kwangila, sabon Alhaji, ya zo gaisuwa. Yana shiga tsakar gida ya yi turus.

“Kai, ɗana, wannan wane irin itace ne? Ko a gidan Turawa ban ga mai kyansa ba.”

Kun san al'adarmu. In babba ya yaba abinka, sai ka ce nashi ne, shi kuma ya sa maka albarka ya wuce. Babana ya dube ni, na sunkuyar da kai na ce, “Ai naka ne, Alhaji.”

“Madalla!” in ji shi. “Direba, zo ku kama.”

Wallahi na ɗauka wasa ne. Har da hannuna aka ɗaga randar, don kada su fasa. Motar na tashi maiɗakina ta ce, “To, sai ka je ka dasa kunyar taka a ramin.”

Bayan wata biyu na kasa haƙuri, na je Faskari ran kasuwa na biya gidan Alhaji. Ga randata a bakin ƙofa, an shafe ta da farin fenti, an girke ta kan siminti a tsakiyar rana. Hujin da na yi kuwa an toshe shi da siminti, wai ruwa yana ɓata mashi daɓe. Na tura yatsa cikin ƙasar, caɓi, sai wari. Saiwar ta ruɓe. Ganye uku suka rage, baƙaƙe ƙirin.

Ya fito yana sakace, ya same ni a tsugune.

“Af, ɗana, ashe kai ne. Itacen nan naka ba shi da ƙwari. In ka sake zuwa kudu ka taho mani da biyu.”

Ko sunansa bai tsaya ya ji ba, har ya kashe shi bai san ana cin 'ya'yansa ba. Kuma ku ji abin takaici: na ce mashi, “To, Alhaji.”

Shi ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, amma ni ban huce ba, kuma rabin haushin na kaina ne. Ramin nan na fadama ban cike shi ba sai da ruwa ya cike shi da kansa. Tun daga ranar na koyi cewa kunyar da za ta sa ka ba da abin da ranka ke ciki ba ladabi ba ce, ƙarya ce. Yanzu ko wane ne ya yaba abina, na gode kawai nake cewa, in gyara tsayuwa a gabansa.