Zlatan da Ma'aunin Sanyi

Ranar da masu auna ƙasa suka zo ƙauyenmu, gari ya waye babu iska, sama tas, raɓa ta daskare a kan sabon tohon inabi. Irin safiyar da manomi ke wuce ɗan'uwansa ba gaisuwa.

Gonar maƙwabcina Zlatan a gindin tudu take, inda sanyi ke gangarowa ya kwanta. Baƙin suka haƙa ƙasarsa, suka kafa sanda mai ma'aunin sanyi. Suka ce taswira za a zana: duk inda sanyi bai yi tsanani ba za a shafa masa ja, nan ne zai ba da jar giyar inabi ta kirki.

Zlatan ɗa ɗaya gare shi, Rumen, yana tuƙin babbar mota a ƙasar Sifen. Ya ce wa uban ta waya, "Baba, in gonarmu ta fito ja, zan dawo mu tumɓuke tsofaffin itatuwan nan mu dasa sababbi."

Zlatan ya share ɗakin ɗan, ya gyara ƙafar gado. Wata safiya na leƙa ta shinge, na gan shi yana lulluɓe ma'aunin da rigarsa ta fatar tunkiya, shi kuwa sai karkarwa yake.

Na ce, "Kai tsoho, amarya ka yi ba mu ji ba?"

Ya ce, "Yi min shiru, Ilko. Baƙuwa ce, ba ta saba da sanyinmu ba."

Haka ya yi ta yi har sanyi ya wuce. Da kaka aka manna taswirar a bangon kantin ƙauye, gonarsa ta fito ja wur. Ana ta dafa masa kafaɗa ana taya shi murna. Da yamma ya zo ya zauna ƙarƙashin ɓauren ƙofata, ya daɗe yana juya hularsa.

"Ilko, takarda ta yarda, amma toho ba zai yarda ba. In Rumen ya bar aikinsa ya zo, shekarar farko sanyi zai cinye dashen. Da wane ido zan dube shi?"

A gabana ya kira Rumen. Ya ce, "Kada ka zo don gona, ɗana. Ni na ruɗi ma'auninsu." Sai can, murya ƙasa-ƙasa, "Amma ka zo haka nan, ko na kwana biyu."

Rumen ya yi dariya, ya ce zai duba lokacin hutu.

Zlatan yana nan a gindin tudu, gwiwa ta yi nauyi, ni nake taya shi yankan reshe. Rumen yana Sifen har yanzu.