Gwangwanin Baba Mai Agogo

Tsoro ya fara kama Auta ne a lokacin da labulen roba ya haɗiye gwangwanin. Tana tsaye a gaban kantar kaya a filin jirgi, bel yana jan manyan akwatuna, a tsakiyarsu ga ɗan gwangwanin mahaifinta cikin tiren roba. Bai fi tafin hannu ba, takardar lambar da aka naɗa masa ma ta ninka shi tsawo. Ya ɗan girgiza, ya shige.

Shekara arba'in da ɗaya Baba Mai Agogo ya yi yana gyara a ƙarƙashin matakalar wani kantin takalma, da teburi ɗaya da kujera mai gajeriyar ƙafa. Ba ya buɗe agogo sai ya kara shi a kunne tukuna, ya lumshe ido, ya ce wa mai shi, "Wannan ruwa ya sha," ko "Wannan faɗuwa ya yi, kai dai ba ka so ka faɗa ba." Kayan aikinsa duka a gwangwanin alewar tari suke, wanda fentinsa ya goge tun kafin a haifi Auta: sukundireba biyar sirara kamar allura, hantsaki biyu, 'yar wuƙar ɓalle bayan agogo, da gilashin da yake maƙalawa a ido. Maigidansa ne ya ba shi ranar da ya yaye shi, shi kuma ya yi ta wasa bakin kowanne har suka dace da hannunsa. Da su ya yi wa 'ya'ya biyar karatu. Inna takan ce ranar ɗaurin aurensu ma gwangwanin na aljihun gabansa, ya riga ta shiga gidan.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ranar da ya kasa ganin ƙusar da ke kan teburinsa, ya tattara ya dawo gida. Yaya, babban ɗansa da ke aiki a wani gari mai nisa, ya samo masa ranar ganin likitan ido ya aiko da tikiti biyu. Auta ta gama jami'a tana zaman jiran aiki, don haka rakiya ta faɗo kanta. Ta kwana uku tana karanta dokokin jirgi a waya. Ta auna jakunkuna, ta zubar da turare, ta ce ba za su ba da kaya ba, jakar hannu ta isa. Abu ɗaya ne ba ta yi ba: ba ta tambayi abin da ke aljihun Baba ba.

A wurin bincike na'ura ta yi ƙara.

"Baba, me ke aljihun nan?" in ji jami'in.

"Abokan aiki ne, ɗana."

Jami'in ya buɗe, ya ga wuƙa da tsinannun ƙarafa, ya ce ba za su shiga inda fasinja ke zama ba. Ko a bar su nan, ko a koma kanta a ba da su cikin kaya.

"Auta, sa shi a jakata, a ba su jakar gaba ɗaya," in ji Baba.

"A'a Baba, magungunanka da takardun asibiti na ciki. Na karanta, ba a rabuwa da su."

Bai zo mata ba ta kwashe takardun ta mayar jakarta. Har yau in ta tuna wannan sai ta ji kamar ta mari kanta.

Ma'aikaciyar kantar kaya ta ɗora gwangwanin a sikeli, lamba ba ta motsa ba, ta tuntsire da dariya.

"Sikelin ma bai san an ɗora masa komai ba. 'Yar'uwa, ƙananan kaya irin wannan faɗawa suke ƙarƙashin bel fa."

"Ai doka ba ta hana ba," in ji Auta.

"Doka ba ta hana ba, amma shi bel bai karanta ta ba."

Baba ya matso ya dafa kantar. "'Yata, a kula min da shi. Bai taɓa tafiya shi kaɗai ba."

A cikin jirgi bai ji tsoron tashi ba, bai ji tsoron sauka ba. Hannunsa ne dai ke ta komawa aljihun gaba yana dawowa. Da suka sauka suka tsaya bakin bel har kowa ya ɗauki nasa ya watse. Can sai ga tiren roba ya fito, ya zagayo gabansu a hankali, ba komai a ciki.

A ofishin kayan da suka ɓata, wani mutum mai furfura ya jawo fom. Launi? Girma? Yana da taya?

"Da yana da taya ai da ya biyo mu," in ji Baba. Ya karkata kunne wajen bango. "Malam, agogonka na ɗingishi. Ka nemo min gwangwanina, in miƙe masa ƙafa kyauta."

Mutumin ya yi dariya. Auta kuwa kuka ya ƙwace mata, Baba ne ya koma yana lallashinta, yana cewa wace irin mai digiri ce ke kuka a gaban fom.

An yi aikin ido lafiya. Ranar da aka cire bandeji, abin da ya fara dubawa shi ne agogon hannun nas, ya gaya mata ya yi gaba da minti biyu. Yaya ya sayo masa sababbin kayan aiki a akwati mai kyalli. Ya yi godiya, ya jujjuya kowanne a yatsunsa, ya rufe ya ajiye.

"Suna da kyau," ya ce. "Ba su san ni ba ne kawai."

Bai taɓa cewa laifin Auta ne ba. Da ya faɗa ma da ta fi samun sauƙi. Inna ta bugo waya ta ce kar wanda ya dawo mata da shi ido biyu aljihu wayam, don ita za ta sha zaman shirunsa.

Yau kwana tara da ɓatan gwangwanin. Da safe mai furfurar nan ya kira ya ce wata mai shara a filin da suka taso ta tsinci wani gwangwani a ƙarƙashin bel, ba takarda a jikinsa, za a turo hoto a duba. Baba ya goge sabon idonsa ya zauna kusa da Auta, wayar na kan tebur a tsakaninsu. Har yanzu hoton bai shigo ba.