Baba Mainasara Mai Jirgin Zaure

Idan aka sallame sallar asuba a Yako, Baba Mainasara ba ya komawa shimfiɗa. Zaurensa yake nufa, ya yaye zanen da ya lulluɓe teburi da shi, ya bi ƙaramin layin dogon da ya ƙera a kai da tsumma yana gogewa. Layin na waya ne a kafe kan katako. Taragun gwangwanayen kifi ne da ya sa wa ƙafafu, kan jirgin kuwa injin tsohuwar rediyo mai kaset ke jan sa. Tasha uku ce a kan teburin, kowace da sunanta a jikin kwali: Kano, Yako, Dangora. Ƙarfe bakwai na cika sai ya busa usur, jirgin kaya na farko ya tashi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haɗa taragu a reluwe, a can ya baro yatsu biyu na hannun hagu. Da ya yi ritaya sai aikin ya biyo shi gida. Kowane tarago a zauren nan da 'yar takardarsa: me ya ɗauko, ina za a ajiye shi. Mai nauyi kusa da kan jirgi, fanko a baya. Jirgi biyu ba sa shiga layi ɗaya, dole ɗaya ya koma layin gefe ya jira. Wani baƙo ya taɓa cewa, "Baba, sake shi mana mu ga gudu!"

Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Wa ya ba shi hanya? Na Dangora bai iso ba."

An yi masa dariya a garin nan, ba kaɗan ba. Wasu suka ce tsufa ne ya taɓa shi. Matarsa Luba ma takan ce duk geron da ta auno don tuwo sai an fara yi masa lodi zuwa Kano. Amma ko sau ɗaya ba a yi masa dariya a gabanta ta ƙyale ba.

Akwai wani ɗan acaɓa, Hafizu, da ya shahara da tsere da jirgi a wurin tsallaka dogo na bayan gari, inda babu shinge babu mai tuta. Jirgin kaya jefi-jefi yake wucewa, shi ya sa mutane suka saki jiki. Ran nan Baba ya gan shi da idonsa ya gilma ta gaban jirgi da fasinja a baya. Bai zage shi ba, aika masa ya yi ya zo.

Ya cika taragu da tsakuwa, ya ɗora murfin kwalba a kan layi a ƙasan wani ɗan gangare, ya miƙa wa Hafizu makunnin.

"Wannan murfin kai ne. Idan jirgi ya kusa, ka tsayar da shi."

Hafizu ya kashe wuta yana murmushi. Jirgi bai tsaya ba, ya ture murfin ya wuce. Aka sake, aka kuma sakewa. A na uku murmushin ya ɗauke.

"Ka ga wannan gwangwani ne," in ji Baba. "Na gaske siminti yake ja, tarago ashirin. Direba zai hango ka, zai taka birki, zai yi ta salati, amma sai ya wuce gona uku kafin ya tsaya. Na taɓa kwashe mutum daga kan layi, Hafizu. Ba na son in ƙara."

Da damina ta yi nisa, dawa ta rufe gefen layi, Hafizu ya ɗauko wata mata, Khairiyya, da goyonta mai zazzaɓi za su asibitin Kiru. Suna dab da dogo suka ji kukan jirgi, kamar daga nesa.

"Don Allah wuce, jikin yaron nan ya gashe!" in ji ta.

Hafizu ya ja birki ya kafa ƙafa a ƙasa. Kafin ta sake buɗe baki, jirgi ya faso daga bayan dawa, iskarsa ta fizge mata mayafi. Ita da bakinta take ba da labarin har yau.

Washegari Hafizu ya durƙusa a bakin zaure. "Baba, jiya na tsaya."

"Yaron fa?"

"An ba shi magani, da sauƙi."

"To, alhamdu lillahi. Kawo min sauran 'yan uwanka."

Haka 'yan acaɓan Yako suka riƙa zuwa rukuni-rukuni, kowa sai an ɗora masa murfinsa.

Yanzu yanar ido ta fara rage wa Baba gani, ba ya iya karanta takardun taragu. Ya yanke shawarar ba makarantar firamare teburin, amma da sharaɗi: sai Malam Mudi, malamin aji shida, ya iya aikin. Wata uku ke nan malamin yana zuwa bayan la'asar. Makon jiya ya haɗa jirgi ya kai kaya tasha uku ba kuskure, Baba yana bin taragun da yatsunsa. Baba ya ce a zo a ɗauki teburin ranar Litinin, sannan ya juya fuskarsa bango ya daɗe bai juyo ba.

Baba Mainasara, kai ne ka ɗauki aikin da babu mai tafa wa ka riƙe shi da mutunci, a tasha da kuma a zaure. Kai ne aka yi wa dariya, ba ka rama ba, ka tsare 'ya'yan masu dariyar. Mun gode. Allah ya ba idanunka lafiya, ya saka maka da alheri.

Sauranmu kuwa, duk wanda ya iya wani abu mai amfani, kada ya kulle shi a ɗaki. Wanda kuma hanya ta biyo da shi Yako, ya tsaya ya gaida tsohon nan. Ba zai gane fuskarka ba, amma faɗi sunanka, zai tambaye ka da me ka zo, kuma ko ka duba hagu da dama kafin ka tsallako.