Kusurwar Da Ruwa Ba Ya Kwanciya

A unguwarsu kowa Mai Igiya yake ce masa, har jikokinsa. Magini ne, gwanin daɓen dutse, kuma tun yana saurayi ba a raba aljihunsa da ƙullin igiyar awo. In ya shiga gidanka gaisuwa, kafin ya amsa "ina gajiya" idonsa ya gama zagaye tsakar gida, sai ka ji ya ce, "Nan wajen ruwa yana kwanciya da damina, ko?" Abin haushin kuma, yana kwanciyar.

Labari ɗaya gare shi, ya ba da shi har ya tsufa a bakinsa. Shekara arba'in da suka wuce, yana cikin maginan da suka shimfiɗa duwatsun dandalin da ke tsakiyar babban birnin ƙasa. Kusurwar gabas ce ta faɗo hannunsa. Injiniya ya ce a daɓe ta daidai wa daida kamar saman tebur. Shi kuwa ya dubi ƙasar ya ga ruwa ba zai sami hanya ba. Ya faɗa, aka ce ya yi abin da aka sa shi. Da injiniya ya ba da baya, sai ya sauke igiyarsa da faɗin yatsa biyu, ya karkata daɓen zuwa magudanar ruwa. Kwana tara ana aiki kafin a gane. Ranar da aka gane aka sallame shi, ya hau mota ya koma garinsu da cokalin gininsa a jaka. Bai ga ranar buɗe dandalin ba, bai kuma sake taka birnin ba.

Marigayiya matarsa takan ce, "Kai dai taurin kai ne ya koro ka, ka bar ɗora wa ruwa laifi." 'Ya'yansa kuwa sun haddace labarin, da ya ce "yatsa" sai su haɗa baki su ce "biyu!" Yakan yi dariya tare da su, amma abin yana cinsa a rai. Bai sani ba ko an tone aikin nasa washegarin tafiyarsa. Bai ma sani ba ko shi ne mai gaskiya, ko kuwa aikinsa ya zubar a banza.

Da yanar ido ta rufe masa gani, likita ya tura shi babban asibitin birnin a yi masa aiki. Autarsa, malamar makaranta, ita ta raka shi. Ana gobe aikin, da hantsi, ya ce ta kai shi dandali.

"Baba, ka bari a gyara idon mana, sai ka gani da kyau."

"In kuma bai gyaru ba fa? Tashi mu je, ƙafata tana gani."

Suka sauka daga mota a bakin dandalin. Auta ta saki baki. Ga hasumiya ta miƙe sama, ga tutoci suna kaɗawa, ga masu ɗaukar hoto suna bin baƙi, ga tattabaru birjik. Ta riƙe hannunsa tana cewa, "Baba, dubi tsawonta!" Shi ko ɗaga kai bai yi ba. Ya sunkuya ya tuɓe takalmansa ya miƙa mata, ya soma tafiya a hankali yana shafa ƙasa da tafin ƙafa. Wata mata ta tsaya ta tambaya ko wani abu ya faɗi ne a taya su nema. Kunya ta kama Auta, ta ce babu komai.

Taku goma ya yi ya tsaya. Abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa sumul yake, mai santsi, irin wanda inji ke yankawa.

"Wannan ba namu ba ne," ya ce. "An sake."

Auta ta dubi fuskarsa, tausayi ya kama ta. Ta tuna sau nawa ta ce "biyu!" tana ƙyalƙyala dariya. Ta ce su nemi inuwa ya huta. Ya girgiza kai, ya juya har sai da rana ta bugi goshinsa, ya ce, "Nan ne gabas. Mu ƙarasa, in ya so mu tafi."

Tafiyar da nisa ga tsoho marar takalmi, dutse kuma ya fara zafi. Suka wuce kujerun siminti, suka wuce mai sayar da jarida. Can kusa da ƙarshe, inda jama'a suka ragu, sai ƙafarsa ta taka wani abu mai kaushi. Ya tsaya cak. Duwatsun wurin tsofaffi ne, sun yi baƙi, gefensu ya cinye, ko kusa ba su kai sababbin kyau ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya bi tsakaninsu da yatsa.

"Ba ni gorar ruwan nan."

Ya tuttule ta duka a ƙasa.

"Haba Baba! Yanzun nan fa na share wurin nan!"

Mai shara ce, dattijuwa mai rigar aiki, ta taho da doguwar tsintsiyarta tana faɗa. Auta ta shiga ba ta haƙuri. Mai Igiya bai ji su ba, ya ƙura ido amma ba ya ganin komai sai hazo.

"Auta, ina ya nufa? Gaya mini, ya tsaya ko yana tafiya?"

Ta duba. Ruwan ya taru kamar zai tsaya, sai ya ja siriri, ya bi tsakanin duwatsu, ya miƙe sak zuwa bakin magudana ya faɗa.

"Ya tafi, Baba. Ya shige magudana."

Mai shara ta yi tsaki. "Wannan ne abin kallo? Ai nan ko da bakin ƙwarya aka yi ruwa, kafin ka juya ya bushe. Shekarata goma sha bakwai ina sharar dandalin nan. In aka yi ruwa, can tsakiya tafki yake zama, mu bi shi da tsintsiya muna turowa nan har bayanmu ya ƙage. Sau biyu ana tone dandalin ana sakewa, nan ne kawai ba a taɓa ba, don an rasa abin gyarawa." Ta dogara da tsintsiyarta. "Ni dai duk damina sai na sa wa wanda ya yi wurin nan albarka. Ko yana raye, ko ya mutu, oho."

Auta ta dafa kafaɗar mahaifinta.

"Yana raye, Inna. Ga shi nan a gabanki."

Matar ta dubi tsohon da ke durƙushe, ƙafa ba takalmi, bakin igiya ya leƙo daga aljihunsa. Ta jingine tsintsiya ta rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Baba. Allah ya saka da alheri."

Mutumin da ya shekara arba'in yana ba da labarin nan ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba, yau ga mai son ji, ya kasa cewa uffan. Hawaye ne kawai ke bin gemunsa. Da ƙyar ya ɗaga hannu ya nuna mata yatsa biyu. Ba ta gane ba, amma Auta ta gane, wannan karon kuma ba ta yi dariya ba.

Ta taimaka masa ya miƙe, ta durƙusa ta sa masa takalmansa. Sun kama hanyar mota ke nan ya ja hannunta.

"In an kwance mini ido jibi, ki dawo da ni," ya ce. "Kin ce akwai wata hasumiya a nan, ko? Ina so in gan ta."