Ranar da Kawu ya yi mini Hausa

Shekarun baya can, lokacin ina da shagon ɗinki a bakin kasuwar Nasarawa Burkullu, na yi wani abu da har yau ban san sunan da zan ba shi ba.

Mahaifina Bahaushe ne, manomi. Inna kuwa Bafillatana ce, daga wata ruga da ba ta da nisa da garinmu aka auro ta. Da harshe biyu muka tashi: a tsakar gida Hausa, idan ran Inna ya ɓaci kuma sai Fillanci. Tana da ƙane guda, shi muke kira Kawu. Shi ya koya mini tatsar nono, shi ya fara ɗora ni a bayan bijimi, ina kururuwa yana dariya. Yana jin Hausa sarai, amma tun ina yaro bai taɓa yi mini magana da ita ba. Cewa yake ɗan 'yar'uwarsa ya fi ƙarfin yaren ciniki.

Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta shagona. Ya jingine sanda, ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, ya ajiye ƙwaryar nono a kai wa Inna. Muna hira da Fillanci, keken ɗinki na tafiya, ba wanda ya damu.

Sai zamani ya lalace. Aka fara da satar shanu, aka koma satar mutane, hanyoyi suka zama abin tsoro. Shi kansa Kawu an kore masa mafi yawan garkensa. Amma a cikin gari ba mai tambayar wannan. Da an ga mutum da malafa da sanda, sai hira ta mutu.

Wata rana abokina mai sayar da takalma kusa da ni ya ja ni gefe.

"Gaskiya zan hwaɗa maka," ya ce, "mutane na magana. Sun ce wanga shago naka, nan aka zama ana ɗaukar labarin gari."

Na ce, "Kawuna ne fa. Kai ma ka san shi. Sau nawa kash sha furar da anka dama da nonon shanunai?"

"Ni na sani. Su ba su sani ba, kuma ba su son su sani."

Na buga ƙirji, na ce ko garin nan kaf zai taru a kaina ba zan juya wa jinina baya ba. Har da nuna shi da almakashi. Jarumtar nan tawa ta yi kwana bakwai cif, wato har kasuwa ta zagayo.

Ranar akwai mutum uku a shagon. Kawu ya shigo da fara'arsa ya ce, "Jam wali?" yadda ya saba gaishe ni da Fillanci. Na ji idanun mutanen nan a ƙeyata. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Lafiya lau, sannu da zuwa." Na duƙa kan keke na yi ta taka shi, alhali ba abin da nake ɗinkawa sai bakin wando. Ya ci gaba da Fillancinsa, ni kuma ina ba shi amsa da Hausa, guntu-guntu. Ya ajiye ƙwarya ya tafi.

Haka muka yi makonni. Daga baya ma na koyi wata dabara: da lokacin zuwansa ya yi, sai zare ya ƙare mini, in tafi can ƙarshen kasuwa nema. In dawo in tarar da ƙwarya a wurin abokina. Amma kuma idan kasuwa ta ci bai zo ba, ranar ba na iya cin abinci. In yi ta bin masu babura ina tambayar ko wani abu ya faru a hanyarsu. Ina so in gan shi da ransa, kuma ba na so ya tsaya a ƙofata. Duka biyun a zuciya ɗaya, a rana ɗaya.

Bayan an cire amfanin gona Kawu ya same ni ban samu na tsere ba. Shagon cike yake. Ya shigo da yadi shuɗi a hammata, ya yi sallama, ya ce da Hausa, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Sannu da aiki, tela. Riga nika so a ɗunka min kahin kasuwa mai zuwa."

Tela. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa.

Na ɗauko abin awo. Ya buɗe hannuwa kamar kowane mai kawo ɗinki. Da na matsa kusa da shi zan auna wuya, na ce a hankali, "Kawu..."

"Auna dai," ya ce, har yanzu da Hausa. "Tashi za mu yi. Za mu gangara kudu da abin da yar rage. Ba don kai ba ne, kar ka sa ma ranka."

Har gobe ban sani ba ko hukunta ni ya yi da wannan Hausar, ko kare ni ya yi daga mutanen da ke zaune. Wataƙila shi ma bai sani ba.

Ban taɓa ɗinka riga da kyau kamar wannan ba. Na farke wuyan sau biyu na sake. Ran tafiyarsu da safe ya zo gida sanye da ita. Sun daɗe a ɗaki shi da Inna. Mahaifina ya ɗora masa buhun gero a kan jaki, ya raka shi har bakin gari a gaban kowa, yana riƙe da hannunsa. Ni ina baya ina jan ƙafa. Da za mu rabu Kawu ya ɗora tafinsa a kaina, ya daɗe, sannan ya juya.

A hanyar komawa gida na ji wani abu da ya ba ni kunya: kafaɗuna sun yi sauƙi. Kasuwar da ta biyo baya na yi hira, na yi dariya har da ƙyaƙyatawa, na sayi tsire muka ci da abokina. Ina cikin tauna na dubi bencin da Kawu ke zama. Na zaga bayan shago na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Da na gama na wanke fuska na koma na cinye tsiren, don yunwa nake ji.

Watanni ina ɗauke da abin nan ni kaɗai. Wata rana da la'asar na tarar da Inna tana tankaɗe, na zauna a kan turmi na ce, "Inna, ni mugun mutum ne. Randa Kawu yat tahi, daɗi na ji."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da kaɗa rariya har garin ya ƙare.

"Ni da munka hito ciki guda da shi," ta ce, "rannan na yi barcin da na shekara ban yi ba. Na san ba mai zuwa ya ce min an tsinci gawatai a hanyar kasuwa. Da na hwarka kuma na yi kuka har muryata tad dishe. To wane na ƙarya, barcin ko kukan?"

Ba ta jira amsa ba, ta ce in miƙo mata faifai.

Kawu na nan da ransa, ya tsufa can inda suka sauka. Muna gaisawa ta waya da sallah, ba wanda ya taɓa tayar da maganar. Ni dai na san sauƙin da Inna ta ji don shi ne, nawa kuwa akwai son kaina a ciki, ba zan yi wa kaina ado ba. Amma na gaji da zaman alƙali a kan zuciyata, kullum shari'a ɗaya, ba a yanke hukunci. Ina son mutumin nan, kuma na guje shi, kuma ni ɗin ne dai duka.

Yanzu idan na ji matashi yana rantsuwa cewa shi ba zai taɓa yin kaza ba, ba na musu da shi. Addu'a kawai nake yi masa a raina, Allah ya sa kada kasuwarsa ta zagayo.