Masarar da Na Dafa wa Jamusawa

Sunana Orval Pruitt, manomin masara a jihar Nebraska ta Amurka, kamar ubana. A yaƙin duniya na biyu likitan soja ya duba idona ya ce ko rumbu na auna da bindiga sai na kuskure, sai aka miƙa mini ludayi. Na zama kuku a wani sansani kusa da garinmu, inda ake tsare sojojin Jamus da aka kamo. Ƙanena Delbert kuwa an harbo jirginsu, yana can tsare a hannun Jamusawa.

Doka ta ce abin da sojanmu ya ci, shi fursuna zai ci. Wani jami'i ɗan Suwizalan yakan zo dubawa, rahotonsa kuma har Jamus yake zuwa. Sai na yi dabara irin tawa: in na ƙosar da nasu, za su ƙosar da nawa.

Ranar da jami'in zai zo na karyo ɗanyar masara a gonar Mama, na dafa, na shafe ta da man shanu, na tsaya ina washe baki ina jiran godiya.

Ba wanda ya taɓa. Wakilinsu, wani dogon saja mai suna Dieter, ya ɗaga guda da yatsa biyu ya ce wa jami'in, "Yallaɓai, a rubuta. Abincin aladu ake ba mu."

Na ce, "Kai, aladu? Uwata fa ta shuka ta!"

Ashe a ƙasarsu dabbobi ake ba masara. Ni da ban taɓa nisa da garinmu ba, ina zan sani?

Jami'in ya zaro alƙalami. Na hango ana zuba wa Delbert dusa saboda ni. Na fizge masarar na hau gaguya, man na bin haɓata, har na tashi da guda tara. Ina ci ina cewa, "Ku duba, mutum ne ke ci!"

Dieter ya ce, "Wannan kam sai an bincika."

Wurin ya ɓarke da dariya, jami'in ya mayar da alƙalaminsa aljihu. Kwana biyu na yi ina zaryar bayan gida, amma na shekara ina bugun ƙirji na ceci ƙanena.

Da yaƙi ya ƙare Delbert ya dawo fata da ƙashi, haƙoransa sun zube. Na ba shi labarin, ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Yaya, ai mu can a kan ɓawon dankali muke dambe."

Kunya ta kama ni, wallahi. Shekara talatin ke nan, duk kaka ni ke yanke masa ƙwayoyin masara da wuƙa in zuba a kwano, kuma ban ƙara ba da labarin nan a gabansa ba.