Malam Halliru Mai Tsintar Laimar Kwaɗi

Idan damina ta kankama, da sassafe za ka hango Malam Halliru a gindin duwatsun Roni, wando a naɗe, kwando a hannu, yana tsintar laimar kwaɗi. Har yau nakan tsokane shi in ce ko kwaɗin ne suka ɗauke shi aiki. Sai ya yi murmushi ya wuce asibiti.

Gwajin jini ne aikinsa, kuma a watan nan zai yi ritaya. Tsintar kuwa sa kai ce. Yakan shanya laimar a inuwa, ya aika wa masu bincike a jami'a. Su kuma suna duba ko wani sinadari a cikinta zai rage kumburin da ke durƙusar da jiki idan ƙwayar cuta ta mamaye jini.

Ashe labari ya isa rugage a karkace, wai Halliru yana da maganin gubar jini. Bara da hantsi wani makiyayi, Daudu, ya yi sallama a ƙofarsa. Matarsa Fatu ta haihu, zazzaɓi ya rufe ta, hannuwanta sun yi sanyi, ko mutane ba ta ganewa. Bai kawo ta ba, garin laimar ya zo karɓa.

"Malam, ko cokali ɗaya ne ka taimaka min," in ji Daudu.

"Daudu, wallahi ban san mutum ɗaya da aka gwada wa abin nan ba. Wata laimar ma guba ce. In na ba ka, matarka za ka rasa. Tashi mu ɗauko ta."

Daudu ya fusata, ya ce rowa ce kawai. Maƙwabta sun ji da kunnensu. Halliru mota ya nemo, suka ɗauko Fatu zuwa asibiti. Aka sa mata ruwa da allurai, ta sha wuya ƙwarai, amma da ƙafarta ta koma ruga.

Malam Halliru, kai ne ka fi kowa ɗokin ganin laimar nan ta zama magani, kuma kai ne ka ƙi ba da ita a ranar da aka roƙe ka da hawaye. Wannan ne ya sa nake ganin girmanka.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ma'aikatan lafiya masu tasowa, ku yi koyi da shi, ku faɗi gaskiya ko za a zage ku. Shi ma an zage shi, ga Fatu can tana goyon ɗanta.